Sunan Auta Bai Shiga Ƙara Ba

Duk wanda ke bin layin nan ya san Mai Agogo. Shagonsa ne na farko cikin shaguna uku da ke jingine da katangar gidan mai. Ɗan ƙaramin wuri ne, kanta ɗaya, kujera ɗaya, sai agoguna rataye har saman ƙofa, rabinsu masu su sun manta da su. Zai maƙala madubi a ido ɗaya ya sunkuya a kan aiki, ko sallama ka yi sai ya gama ɗaure kusar da ke hannunsa zai amsa. Amma mutum ne mai cika alkawari. In ya ce ka dawo Laraba, za ka tarar da agogonka yana tafiya ranar Laraba. Abin haushin ke nan a labarinsa, domin da wani sakarai ne ya yi abin da ya yi, da ba wanda zai yi mamaki.

Mahaifinsu ne ya bar musu shagunan, kowa da nasa. Na farko nasa, na tsakiya na ƙanensa mai sayar da kayan wuta, na ƙarshe kuma na Auta, ƙanwarsu, wadda take ɗinki. Tun da tsohon ya rasu, bakin gidan ya koma wurin Mai Agogo. Masu haraji in sun zo, shi. 'Yan wuta in sun zo yanke waya, shi. Auta ko ɗaga kai daga keke ba ta yi, sai dai ta nuna da almakashi ta ce, "Ku ga Yaya." A wurinsu, in Yaya ya tsaya to kowa ya tsaya, kuma sun daɗe a haka ba abin da ya ɓaci.

Sai mai gidan man ya so faɗaɗa wurinsa, ya kai su kotu su ukun, ya ce ƙasar da shagunan ke kai tasa ce. Aka yi ta jeka-ka-dawo, a ƙarshe alƙali ya ba shi gaskiya. Suna fitowa, a bakin ƙofar kotu, gaban maƙwabta da suka rako su, Auta ta share hawaye da gefen mayafi ta ce, "Da Yaya ya bar ni na yi magana, da ba mu faɗi ba. Komai sai shi."

Maganar zafin rai ce, kowa ya san haka. Amma ta shige shi har ƙashi. Ya tari mota shi kaɗai ya tafi.

Kwana biyu bayan haka ya hau benen wata lauya, ƙanensa na biye da shi. Matashiya ce mai saurin magana, ofishinta cike da fayil har kan kujerun baƙi. Ta karanta hukuncin ta ce akwai abin kamawa, za a iya ɗaukaka ƙara. Sannan ta cire tabarau ta dube shi.

"Baba, ka saurare ni da kyau. Ku uku aka yi wa hukunci, ku biyu nake gani. Kotun sama ba ta san wa da ƙanwa ba, wanda ya zo gabanta da sunansa shi take ji. Wata uku doka ta ba ku. Ka kawo mini ita ta sa hannu kafin wa'adin ya cika."

"Zan kawo ta," in ji shi.

Tsakanin ƙofarsa da ƙofar Auta shago ɗaya ne tak. Kullum yana jin kekenta daga inda yake zaune. Amma ya riga ya ƙudurta a ransa cewa ita za ta tako ta same shi, tunda ita ta kunyata shi a bainar jama'a. Ƙanen ya tuna masa sau ɗaya, ya daka masa tsawa, shi kuma dama ba mai son rigima ba ne, ya ja bakinsa. Lauyar ta buga waya, Mai Agogo ya ce Auta ba ta jin daɗi. Ta sake bugawa, ya ce ta yi tafiya. Da lokaci ya matso, ta shigar da ƙarar da sunaye biyu don kada a yi asarar duka. Mutumin da ke kwana yana tashi cikin agoguna ya zauna yana kallon wa'adi har ya wuce shi.

Ba a yi mako da cikar wa'adin ba sai ga Auta a ƙofarsa, da wata rigarsa da ta yi wa sabon wuya. Ta ajiye masa a kan kantar shagon, ta ɗan rusuna.

"Yaya, ka yi haƙuri. Bakina ne ya fi ni sauri." Ta yi 'yar dariya. "Na ji an ce ka ɗaukaka mana. Allah ya bar mana kai."

Nan ne ya kamata ya faɗa mata. Da ya faɗa a ranar, da an nemi ƙarin lokaci, jinkirin bai taka kara ya karya ba. Amma kunya ta riƙe masa harshe. Ya ce, "Ba komai," ya mayar da madubi ido.

Shekara biyu aka yi ana shari'ar. Duk ranar zama, Auta za ta goge masa kaya tun da safe, in ya dawo ta tare shi a bakin titi. "Yaya, ina labarin shari'armu?" Wannan "mu" ɗin ita ta fi komai ci masa rai. Ya rame, a karo na farko mutane suka fara zuwa Laraba ana ce musu su dawo Asabar. Sai ya riƙa rarrashin kansa da cewa wataƙila su faɗi duka, kowa ya huta. Ka ji mutum, har fatan faɗuwa yake yi don kada asirinsa ya tonu.

Ba su faɗi ba. Kotun sama ta soke hukuncin, amma ga waɗanda suka zo gabanta kawai. Shago biyu suka tsira. Na ukun, hukuncin farko na nan a kansa daram.

A ofishin lauyar ne Auta ta ji komai, daga bakin Yayanta, kansa a sunkuye. Ba ta yi kuka ba. Lauyar ta ce saura hanya ɗaya, ko da yake siririya ce bayan wannan tsawon lokaci: a roƙi kotu ta ba ta damar shigowa a makare. Sai dai dole ta yi rantsuwa ta faɗi dalilin jinkirin, dalla-dalla, ba ɓoye-ɓoye.

"Wato in rantse cewa Yayana ya yaudare ni? A karanta a gaban mutane?"

"Gaskiyar ke nan, Auta," in ji Mai Agogo. "Ki faɗa. Ni ma zan rantse da kaina. Don Allah ki faɗa."

Ta dube shi. "Sau ɗaya na kunyata ka a bakin kotu, Yaya, ga abin da ya jawo. Ba zan ƙara ba." Ta gyara mayafinta ta sauka benen. Ƙarar tata ce, ba wanda zai shigar mata in ba ta so, lauyar ta rufe fayil.

An rushe shagon. Yanzu famfon iskar taya ne a wurin. Auta ta ɗauke kekenta ta koma ɗinki a falon gidanta, can bayan gari, masu kawo mata aiki sun ragu sosai. Mai Agogo ya je har gida ya ce ta karɓi nasa shagon. Ta ce agogo ba ya gyaruwa a kan titi, ya bar wannan maganar.

Har yau yana nan a kujerarsa, da madubi a ido. Takan biyo ta layin in ta fito sayen zare, ta tsaya su gaisa. Kwanakin baya wata tsohuwar mai kawo mata ɗinki ta tare ta a bakin shagon tana jajanta mata, tana tambayar yadda aka yi nata kaɗai ya tafi. Mai Agogo ya dakata da aiki, yana jira ta faɗa, har addu'a yake yi ta faɗa.

"Haka Allah ya so," in ji Auta. "Amma Yaya ya yi ƙoƙari, wallahi. Shekara biyu yana zirga-zirga saboda mu."

Ya cire madubin ya ajiye, domin hawaye sun hana shi ganin komai ta cikinsa.