Gwaten Mabel da Hoton Bangon Asibiti

Ranar da aka zo ɗaukar hoton Mabel, tun asuba ake yayyafi a Kubwa, irin na watan Agusta da ba ya ƙaruwa kuma ba ya ɗaukewa. Tana rumfarta a bakin tasha tana juya gwaten acca, sai ga mutum uku daga wani ofishin lafiya.

Mabel 'yar Filato ce. Da mijinta suka zo Abuja, shi birkila ne, hawan jini ya yi ajalinsa. Tun daga nan ta rage gishiri a girkinta, ta daina sa sinadarin dunƙule, sai daddawa da yakuwa da gauta. Sannu a hankali masu hawan jini suka gano ta, kullum da safe bencinta cike. Babbansu Baba Thaddeus, tsohon masinja mai cin fansho, wanda ba ya cin abincin kowa a waje sai nata.

Mutanen ofis suka ce gwamnati za ta gargaɗi jama'a kan gishiri, fuskarta suke so a jikin sanarwar. Ta gyara ɗankwali, ta riƙe ludayi, aka ɗauka.

Daga nan shiru. Aka yi zaɓe, aka canja oga a ofishin, aka ce babu kuɗin bugawa. Sai wani kamfanin dunƙule ya ce shi zai biya. Da hoton ya fito aka manna a asibitin unguwa: ga Mabel tana murmushi, ga tambarin gwamnati a sama, ga dunƙule an ɗora kusa da tukunyarta, wai yana ƙara jini. Maganar gishiri tana can ƙasa, sai mai tabarau zai karanta.

Baba Thaddeus ya je awon jini ya gani. Ya zo rumfa, ya ƙi zama.

"Madam, ashe shekarun nan a ɓoye kike zuba mana?"

"Haba Baba! Ka taɓa ganin ledarsa a rumfata?"

"Na gani a bango. Gwamnati za ta yi miki ƙarya ne?"

"To ni ce zan yi maka?"

"Ke ai ba ki da tambari," in ji shi, ya wuce.

Magana ta yaɗu, benci ya koma wayam. Mabel ta shiga mota zuwa ofishin, aka ce oga yana taro. Wata ma'aikaciya, Sumayya, ta rako ta bakin ƙofa ta ce, "Mama, wanda ya biya shi ya zaɓi abin da za a sa. Mu ma mun yi magana, ba a ji ba."

Da ta ga hoton ba zai sauka ba, sai ta daina dafo abincin daga gida kamar yadda ta saba. Ta kawo murhu gaban rumfa, ta baje kayan miya a faifai, tana zubawa kowa na gani. Hakan ya sa abincin ba ya nuna da wuri, masu sammakon shiga gari suka koma wajen mai shayi.

Wata safiya Baba Thaddeus ya zo ya zauna a ƙarshen benci.

"Ba ci na zo ba, kallo na zo."

"Kallo kyauta ne, Baba. Matso kusa, idonka ba na da ba ne."

Ya kalla har ta sauke. Sannan ya miƙa kwano.

Yanzu Mabel tana nan a tashar Kubwa, tana girki a idon jama'a. Masu hawan jinin wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba.