Baƙi Uku Zuwa Maradun

Shekaru masu yawa na yi ina ba 'ya'yan mutane jinga, ban taɓa kawo wa raina cewa wata rana ɗaya daga cikinsu za ta rama ba. Ta kuwa rama, bayan na ajiye alli na dawo gidana a Talata Mafara ina kiwon tumaki huɗu da ciwon gwiwa ɗaya.

Ɗalibata ce tun ina koyar da Hausa a sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya. Karatu ya ɗauke ta zuwa wata ƙasa mai nisa, wadda idan mu muna hantsi su ko asuba ba su gama ba. Ranar da ta kira ni ta ce ta zama mai fasaha, na tambaye ta zane take yi ko sassaƙa. Ta ce ko ɗaya. Umarni take rubutawa, layi biyu ko uku, ta aika ta waya ga mutane a garuruwa daban-daban, su aikata, su maido mata da amsa a taƙaice. Sai ta buga umarnin da amsar a takarda, ta manna a bangon wani babban zaure, jama'a su shigo su karanta.

Na ce, "To ina aikin?"

Ta ce, "Shi ke nan aikin, Malam. Ni da faɗi, kai da yi, sai nisan da ke tsakaninmu."

Na gaya mata a zamaninmu jinga ake kiran wannan, kuma ba mu taɓa tunanin gayyato jama'a su kalla ba. Ta yi dariya, ta gindaya sharaɗi biyu: ba za ta yi mini bayani ba, ni kuma ba zan aika hoto ba. Na yarda. Wanda ya yi ritaya ba ya ƙin a aike shi, matuƙar an kira shi Malam.

Umarni na farko ya ce in je Bakura, in tsaya a inuwar da ta fi kowace tsufa, in jira har ta bar ni. Na je, na zaɓi wata tsamiya. Wani dattijo ya zo ya gaishe ni tun daga kwana har iyali har dabbobi, sannan ya tambayi wanda nake jira. Na ce inuwa nake jira ta tafi. Ya dube ni sosai, ya yi mini addu'ar samun sauƙi. Na rubuta mata: "Ta bar ni kafin azahar." Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin abin.

Ya kamata kallon dattijon nan ya koya mini wani abu. A shekarun nan, a ƙasarmu, mutum mai tsayuwa wuri ɗaya ba dalili ba abin dariya ba ne. 'Yan bindiga ba sa shiga gari sai wani na ciki ya faɗa musu ƙofa da lokaci, kuma da waya yake faɗa. Infoma ake kiransa. Wanda aka liƙa wa sunan nan a bakin hanya ba kasafai yake samun damar kai ƙara ba.

Umarni na biyu ya iso bayan mako uku. Ga shi yadda ya zo, da rubutun wayarta:

"Ka dauki baki ukun nan da ka sani daga Mafara. Ka kai su Maradun ranar kasuwa. Kada kowa ya gan su. Ka bar su a bakin gari, ka sanar da ni."

Karatu ɗaya na yi na gane, har na yi murmushi. Baƙi uku da na sani: ɓ, ɗ da ƙ, masu lanƙwasa, waɗanda na ƙare ƙuruciyata ina zagaye gurbinsu da jan biro a littattafan yara. Wayarta ba ta da su. Ba sa iya bin waya su zo, don haka take so wani ya ɗauke su da hannu. Na ga hikimar, na kuma ga kaina a cikinta, abin da ya hana ni ganin sauran ke nan.

Na yanka bayan tsohuwar kalanda gida uku, na rubuta kowane baƙi da girmansa, na sa a ambulan, na sa ambulan a aljihun gaba. Ranar kasuwa da hantsi na shiga motar haya. Malami ba ya iya yin aiki bai ba da rahoto ba, saboda haka tun a tasha na rubuta mata: "Na dauko su. Muna hanya." Da muka hango itatuwan da 'yan sintiri suka gitta a bakin Maradun, na sake ciro wayar na rubuta: "Mun kusa shiga."

Ina danna aikawa, wani mai jar hula ya leƙo ta taga. Bindiga ƙirar gida ce rataye a kafaɗarsa.

"Ticha, da wa kaka magana?"

"Da ɗalibata."

"Kawo wayar ga."

Ya karanta a zuci, ya sake karantawa, sannan ya ɗaga murya don abokansa su ji. A bakinsa na fara jin saƙon da kunnen wani. Ya ja "ba" ɗin nan, ya sauke shi ƙasa, kamar yadda ake faɗin jam'in baƙo. Baƙi uku da ka sani. Kada kowa ya gan su. Na ɗauko su. Mun kusa shiga.

Na sha koya wa yara cewa rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna hawa da saukar murya. Baƙi na allo da baƙi na ƙofar gida, ko an sa musu lanƙwasa, kamanninsu ɗaya a takarda. Darasi ne na aji biyu. Ban taɓa jin nauyinsa ba sai da aka buɗe mini ƙofar mota aka ce in sauko.

Aka sauke kowa. Direba ya rantse ya san fasinjojinsa ɗaya bayan ɗaya, ban da ni. Matar da muka yi ta hirar tsadar taki da ita tun daga Mafara ta janye kwandonta daga kusa da ƙafata. Ba a jima ba aka ce su tafi. Na tsaya ina kallon bayan motar.

Mai jar hula ya ce, "Ina baƙin?"

Na ce, "Suna aljihuna."

A duk jimlolin da na taɓa ginawa, ba wadda ta kai wannan daidaito a nahawu, ba kuma wadda ta kai ta muni. Na ji ƙarar ƙarfe a bayana. Na ɗaga hannu ɗaya sama, na ciro ambulan da yatsu biyu a hankali. Ya zazzage takardun a tafin hannunsa.

"Mi na na wanga?"

Na fara bayani. Na ce fasaha ce. Na ce wata a ƙasar waje ce ke rubuta umarni, ni in aikata, a manna a bango. Ina magana ina jin yadda kowace kalma ke ƙara mini laifi: ƙasar waje, umarni, ba a yi mini bayani ba, an hana ni ɗaukar hoto.

"Wato an aiko ka ka aje alama bakin gari, su zo su gani," in ji shi. "Gida ukku na, ko unguwa ukku?"

Daga baya na ji cewa an ɗauke ƙanensa a gona bara, bayan wani ya buga waya. A lokacin ban sani ba. Abin da na gani kawai shi ne mutanen da ke shiga kasuwa sun fara tsayawa suna kewaye mu. Wani daga baya ya furta kalmar nan, infoma, ba da ƙarfi ba. Wani ya maimaita.

A kan benci, ƙarƙashin rumfar 'yan sintirin, akwai wani tsohon mahauci da na lura suna kira Baba. Ya miƙa hannu aka ba shi takardun, ya juya su sama da ƙasa, don boko bai dame shi ba.

"Malam, baƙi irin na babbaƙu kaka nuhi? Na makarantar allo?"

"Shi, Baba. Shi kuwa."

"To mi ya hana ta ce harahi, kowa shi huta?"

Na ce, "Ni na hana ta."

Gaskiya ce. A ajina, harafi ya haɗa baƙi da wasali, kuma duk wanda ya kira ƙ harafi alhali ina tambayar baƙi, rabin maki ya tafi. Na cire wa yarinyar nan rabin maki ba sau ɗaya ba.

Tsohon ya dubi taron, wanda ya ƙaru. Sannan ya ce, "Takarda ba ta da murya. Kira ta, ka buɗe kowa shi ji. Kada ka hwaɗa mata komi, ta karanta abin da ta rubuta. In ta taƙaita, mun ji. In ta ja, to Malam, ba ni da abin cewa."

Na karɓi wayar. Sai a lokacin tsoro na gaske ya kama ni. Yarinyar ta daɗe cikin mutanen da ba su san dogon wasali daga gajere ba. A hirarmu ta baya na ji harshenta ya zame a kalma biyu, na ƙyale don kada in zama tsohon da ba ya barin gyara. Ga shi kuma can asuba ce, mai barci kuwa komai ja yake yi.

Kira na farko bai shiga ba. Na biyu ya yi ta ringi har ya katse. Mai jar hula ya ce, "Ka gani? Ta san abin da ta yi." Na uku, aka ɗauka.

"Malam? Ina kwana?"

Na dubi tsohon. Ya gyaɗa kai, don ko a nan ba a tsallake gaisuwa.

"Lafiya lau, ɗiyata."

"Ina gajiya? Ya gida? Ya su Inna? Ya gwiwar?"

Na amsa duka. Na ce lafiya lau sau biyar, da bakin bindiga a gefen idona. Sannan na ce ta buɗe saƙon da ta aiko mini ta karanta shi.

"Haba Malam, ai mun yi sharaɗi. Ba bayani."

"Ba bayani nake nema ba. Karatu a bayyane. Ajin yana saurare."

Ban san abin da ta ji a muryata ba, ko kuwa shirun mutane masu yawa ne ya isa gare ta. Dariyar ta ɗauke. Na ji motsin mayafi, na ji ta gyara murya.

"Ka ɗauki..."

Ta tsaya. Wataƙila numfashi ɗaya ne. Ni dai na ga tumakina huɗu a ciki, da wanda zai ba su dusa.

"...baƙi ukkun nan da ka sani."

Gajere, a sama, kamar an ƙwanƙwasa allo. Har da "ukku" na mutanen Kaya, wanda na yi shekara uku ina ƙoƙarin cire mata k ɗaya ban iya ba.

Wani a cikin taron ya yi dariya. Mai jar hula bai yi ba. Ya ƙwace wayar ya ce ta sake. Ta sake, bai canza ba.

"Ke, wa ya sa ki?"

"Ba kowa, Yaya."

"To amfanin mi?"

Ta ce, "Wayata ba ta da su. Ni kuma na daɗe ban zo gida ba. Na so ko su su je."

Ya kashe wayar ya miƙo mini, bai kalle ni ba. Tsohon ya ce in tafi, in kuma gaya wa ɗiyar tawa garin nan ba allo ba ne. Na miƙa hannu in karɓi takarduna. Mai jar hula ya riga ni, ya ninke su ya cusa a aljihunsa.

"Ba a aje komi bakin garin ga," in ji shi.

Ban shiga kasuwa ba. Na tsallaka titi na jira motar komawa, nesa da kowa, ko kuma kowa nesa da ni. Sai da na ga gidajen Mafara na ciro wayar na rubuta amsar jinga: "Sun tsaya a bakin gari. Kowa ya gan su."

Ta kira da la'asar tana kuka, ta ce za ta cire wannan daga cikin aikin. Na ce mata jingar da aka miƙa ba a janye ta, ta manna yadda take. Na dai roƙe ta alfarma ɗaya, idan akwai umarni na uku, ta faɗe shi da baki. Har yau ba ta aiko ba.

Labarin ya riga ni isowa tasha. Yanzu direbobin layin Maradun Malam mai baƙi suke kirana. Duk wanda ya faɗa, sai na tsaya na saurari "ba" ɗin kafin in amsa. Yawancinsu suna taƙaitawa. Akwai biyu da har yanzu suke ja, kuma ba na shiga motarsu.