Garuba Baduku Ya Zama Darakta

Duk wanda ya taso a unguwar Nima ya san rumfar Garuba baduku. Shekara da shekaru yana yanka fata, yana ɗinka takalma da hannunsa, irin waɗanda sai mutum ya gaji da su ya bayar. Laifinsa ɗaya, jinkiri. In ka ba shi aikin Ƙaramar Sallah, ka sa rai da Babba.

Ana nan sai Zulkifli, ɗan ƙanwarsa, ya dawo daga wani kwas na kasuwanci, jaka a hammata, Turanci a baki.

"Kawu, babban mutum ba ya taɓa gam. Ka ba masu inji su yi, kai dai a manna sunanka."

Kalmar "babban mutum" ta shiga Garuba har ɓargo. Ya kai samfurinsa wata masana'anta a bayan shataletalen Circle, ya sallami abokan aikinsa, ya sayi kujera mai juyawa, ya laƙaba wa kansa Darakta. Matarsa Damata ta tambaye shi aikin Darakta, ya ce tunani.

Kaya suka iso gab da Sallah, buhu-buhu, suna ƙyalli kamar madubi. Rabin mutanen Nima da maƙwabciyarta Maamobi suka saya. Ranar idi kuwa aka tashi da ruwan sama. Kafin liman ya gama huɗuba, takalma sun fara hamma. Jama'a suka dawo gida ƙafa a taɓo, takalmi a hannu, ga sunan Garuba da ruwan zinariya, don kada wani ya manta.

Garuba ya hau motar haya ta trotro sai masana'anta. Mai wurin ya saurare shi cikin ladabi, sannan ya ce, "Alhaji, ai mu ma ba mu muka yi ba. Wani muka ba a Kumasi."

A hanyar dawowa ya ga samfurinsa baje a bakin titi, da sunan wani.

Zulkifli ya ce wannan shi ake kira ƙalubale, ya tafi wani kwas ɗin.

Garuba ya ciro basilla da zare, ya yi ta ɗinke takalman kyauta, masu su na tsaye a kansa, kowa da tasa nasihar. Yanzu robar ƙasan takalmi kaɗai yake saye a waje, ita ma sai ya lanƙwasa ta ya shinshina. Sauran aikin duk nasa ne. Juma'a kuwa, har yau can nesa a unguwar Sabon Zongo yake yin ta, inda ba wanda ya sayi takalman nan, wai iskar can ta fi daɗi.