Ɗaurin Guga a Ƙasar Turawa

Ko na tsufa na manta sunan maƙwabcina, ba zan manta ranar da wani dattijo Balarabe ya shigo shagonmu a unguwar Dira ta Riyad da tsohuwar takarda ba. Aikinmu sa wa hotuna katako da gilashi. Lokacin kuwa Baba ya daina yi mini magana, don na bar masa sana'ar ginin ƙasa a Damagaram na taho Riyad. In na kira, sai ya miƙa wa Inna wayar.

Da na buɗe takardar, sai ga zanen cikin wani gini, baƙi da fari, bakuna sun taso daga ginshiƙai sun haɗu a sama. Ni da karambanina na ce wa dattijon, "Ya shaikh, wannan ai soron ƙasarmu ne, rufin ɗaurin guga!"

Ya yi dariya. Ya ce coci ne a Faransa, irin ginin da ake kira Gotik, kuma zanen ya haura shekara ɗari. Wai da allura ake zanawa a farantin tagulla, asid ya ci layukan, a shafa tawada a danna wa takarda. Na ji kunya, amma mamaki ya fi kunyar yawa. Da izininsa na ɗauki hoton na tura wa Inna, na ce ta nuna wa Baba.

Bayan la'asar wayata ta yi ƙara. Muryar Baba ce, ko sallama babu.

"Kai, azara nawa suka sa a bakan nan?"

"Baba, babu azara. Dutse ne zalla, kuma coci ne."

"Ban tambaye ka wa ke ibada a ciki ba. Me ya hana bangon buɗewa? Ka tambayo mini."

Da dattijon ya dawo karɓar kayansa, ya zana mini tokaran da ke riƙe bangon ta waje. Da na tura, Baba ya gani ya ce, "Wannan maginin ya san nauyi." Daga nan kusan kullum sai ya kira da sabuwar tambaya, har wata rana ya ƙare da, "Ka ci abinci kuwa?" Na yi kuka a bayan shago, ba na ɓoyewa.

Baba ya rasu bara, muna shiri da juna. Abin da na koya shi ne, in dattijo ya rufe maka ƙofa, ka bar bugawa, ka je masa da abin da hannunsa ya sani.