Lungun da Wada Ya Hana

Wada Mai Albasa bai taɓa ƙyashin kuɗin kowa ba, wannan kam ko maƙiyinsa zai shaide shi. Abin da ya hana shi sakat a duniya shi ne gidan Shitu, ɗan baffansa, wanda katanga ɗaya ce ta raba su.

Suna yara aka taso da su, lokacin da ruwan Tiga ya cinye ƙauyensu. Aka kawo iyayensu wani fako a ƙasar Bebeji, aka auna wa kowane magidanci fili daidai wa daida, uban Wada nan, uban Shitu kusa da shi. A zamanin filin har yawa ya yi musu. Ka gina ɗakuna biyu da zaure, ka kafa rumbu, ka ɗaure awaki, ka shuka kuɓewa a bayan ɗaki, da saura. Yau kuwa je ka ka gani. Gonakin da suka yi noman dawa a ciki duk an yanka su fulotai, bulo da kwano sun miƙa har bakin titi, wanda bai da gado a cikin gari sai ya fita can.

Shitu Allah ya ba shi 'ya'ya maza reras. Al'adar wurin kuwa, uba ke yankar wa ɗansa wuri a cikin gida in aure ya zo. Haka garken awakin Shitu ya zama ɗaki, wurin rumbu ya zama ɗaki, har rabin zaure aka toshe aka sa ƙyaure. Tsakar gida ta tsuke, mace ba ta shanya sai wata ta kwashe nata. Duk gari tausayin Shitu ake ji. Wada kuwa, wallahi, ƙyashinsa yake ji har cikin ransa.

Shi 'ya'yansa mata ne, an kai su aure Ɗansoshiya da Badafi, sai namiji ɗaya tilo, Abdulhadi, direban motar da ke ɗaukar albasa. Gidan Wada fili ne fetal, daga shi sai matarsa Kubura da kaji. In lokacin dashe ya zo, yaran Shitu kan gama gonar ubansu kafin rana ta take, Wada yana can yana ciniki da 'yan ƙwadago. Ranar sallah Shitu ya fito da rundunarsa, 'ya'ya da jikoki, Wada ya bi bayansu shi da dardumarsa. Da yamma in ya ga hayaƙin murhu yana tashi nan da can ta kan katanga, tuwon bakinsa ma ɗaci yake masa.

Abin da ya riƙe ya kwantar da ransa shi ne lungun gabas, gindin mangwaro. Nan zai gina wa Abdulhadi. Nan shi ma jikokinsa za su cika wa Shitu kunne da kuka.

Ana nan sai auren Mujitaba ya taso, autan Shitu, abokin Abdulhadi tun suna wasan ƙasa. Aka duba gidan Shitu sama da ƙasa, ko wurin kafa turmi babu. Wata safiya Shitu ya shigo da goro a hannu, ya tuɓe takalmi, ya zauna ƙasa duk da furfurarsa.

"Yaya Wada, alfarma na zo nema. Ka ba yaron nan gefen lungun can ya yi ɗaki ɗaya. Wurin ya ishe su su biyu, shi da Abdulhadi. Sai mu huda ƙofa a katanga, yadda iyayenmu suka yi."

Gaskiya ne, wurin ya isa ɗakuna huɗu ma. Wada ya sani sarai. Amma tun da aka haife su yau ne Shitu ya zo neman abin da Wada ke da shi, shi ba shi da shi, kuma daɗin wannan ya ratsa Wada har tafin ƙafa.

"Ai na yaro ne," in ji shi. "Kai da Allah ya huwace wa jama'a, me za ka yi da ɗan lungun mai ɗa guda?"

Shitu ya ce ba komai, Allah ya bar zumunci. Ya bar goron ya fita.

Kubura tana bakin murhu, ta ji duka. "Malam, wannan ba tanadi ba ne," ta ce. "Baƙin ciki ne, kuma ka san shi."

"Wa ya tambaye ki?"

"Ba kowa. Amma kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

Wada ya yi tsaki ya ɗauki fartanya. Kwana biyun nan har nishaɗi ya yi, yana gaida mutanen da ya daɗe bai kula ba.

Mujitaba ya sayar da babur ɗinsa, 'yan'uwa suka haɗa masa, ya kama rabin fuloti a sabuwar unguwa ta bakin titi. Ya ɗaga ɗaki ɗaya na bulo, ko shafe babu, aka kai amarya. Shi ne na farko a zuriyarsu da ya kwana da iyali a wajen gidan gado. Wada ya ce Allah ya ƙara, gidan Shitu ya fara ɓarewa.

Da damina ta wuce Abdulhadi ya samu mata, Raihana, 'yar Kafin Maiyaki. Wada ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya sa aka sare reshen mangwaro, ya kira magini, har an ja igiya an buga turaku. Abdulhadi ya dawo daga tafiya ya tarar da su, ya jira magini ya tafi, sannan ya durƙusa gaban ubansa.

"Baba, da ka dakata da aikin nan. Na riga na kama ɗaya rabin fulotin Mujitaba."

Wada ya ɗauka kunnensa ne. "Ga gidan ubanka kamar filin idi, ka tafi ka matse a rabin fuloti?"

"Baba, sai in yi kwana da kwanaki a hanya. Kai kana gona, Inna ƙafa ta matsa mata, gidan nan kuwa shiru kamar an yi gobara. Iyayen yarinyar sun ce ba za su kawo ta ta zauna ita kaɗai ba. A can ga matar Mujitaba, katanga ɗaya."

Wada ya daɗe yana kallon turakun. Sannan ya tambaya.

"Da Mujitaba a lungun nan yake, da ka zauna?"

Abdulhadi ya sunkuyar da kai. "Da me zai fitar da ni, Baba?"

Washegari magini ya zo da yaransa da sassafe, suna ta sallama a ƙofa. Kubura ce ta leƙa ta ce su kwashe kayansu, maigida ba ya jin daɗi.