Lallen Hajiya a ƙasar ƙanƙara

Kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: ni ne wawan wannan labari. Shekara hamsin ina noman gyaɗa da dawa a Karaye, na yi aji huɗu a firamare, ina karanta rubutun jikin buhun taki ba tare da na kira kowa ba, amma bishiya guda a tukunya ta zubar min da girma.

Bishiyar lalle ce. Asalinta daga Rogo, gidan su Hajiya mai ɗakina. Mahaifiyarta ce ta ba ta reshe da aka kawo ta gidana, ta dasa a bayan ɗaki. In ta yi fure, ƙamshi har zaure. Wata shekara na sare ta don in yi wa babur rumfa. Hajiya kuwa, miyarta ta makon nan ba gishiri. Gidan Rogo kuwa an sayar, an malale shi da siminti. Abin da ya rage shi ne irin bishiyar da 'yar autarmu ta ƙulle a ɗankwali tun kafin in sare, ta tafi da shi Kanada, inda take aikin jinya. Ta shuka a tukunya, ta yi wa uwarta alkawarin in ta yi fure ta yi 'ya'ya, za ta dawo mata da iri gida. Shekara huɗu ba fure. Hajiya tana jira, ni kuma ina jira a yafe min.

Ran nan bayan la'asar na kira 'yar tamu a wayar da ake ganin juna. Tana wurin aiki, sai mijinta ya ɗauka. Can a bayansa na hango tukunyar a falo, ga rana ta taga, tas, kamar ta watan azumin bazara.

Na ce, "Kai, wannan rana haka, kun kulle bishiya a ɗaki kamar mai jego? Ina za ta yi fure?"

Ya ce, "Baba, ai da ɗan sanyi a waje."

"Ni za ka gaya wa sanyi? Na yi ban-ruwa a fadama da asuba tun ba a haife ka ba. Fitar da ita ta sha rana."

Yaron nan injiniya ne, ya fi ni sanin ƙasar da yake zaune. Amma suruki ne, kuma ɗan mutunci, ba zai yi musu da uban matarsa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba." Na sa ya riƙe wayar har na ga ya ajiye ta a waje. Na ga ya sa safar hannu, na ga hayaƙi yana fita daga bakinsa, na ce a raina ragwanci ne na yaran zamani. Na ƙara da cewa ya bar ta har azahar ɗinsu.

Washegari ganye duk ya yi baƙi ya lanƙwashe, kamar an tafasa. 'Yata ba ta ɗaga min murya ba. Cewa ta yi, "Baba, ranar nan haske ce kawai, ba ta da wuta."

Daga nan zama ya gagare ni. In zauna a zaure, in tashi, in leƙa rumfar babur, in ji haushinta. Na je sakatariya wurin malamin gona neman maganin bishiyar da sanyin ƙanƙara ya ƙone, ya ce shi ƙanƙarar da ya sani ta cikin firji ce. Na hau babur har Rogo ina bin gida-gida, ko wani ya taɓa yankar reshe a tsohon gidan. Wata tsohuwa ta ce lalle kam kowa yana da shi, wancan dai ya tafi da masu shi. Na sayo dashe a kasuwa na kawo wa Hajiya. Ta murza ganye ɗaya, ta shinshina, ta ce awaki za su gode.

A can kuma 'yata ta datse rassan, ta rage ban-ruwa, ta kunna wa kututturen wata fitila a madadin rana. Kullum sai na kira in ce ta kankare ɓawon da farce mu ga ko akwai kore. Har ta ce in na ci gaba, farcen ne zai ƙarasa ta.

Kusan wata biyu muna haka. Rannan da hantsi sai ga hoto: tsiro ɗaya a gindi, bai kai kunnen ɓera ba. Hajiya ta daɗe tana kallo tana hamdala. Ni kuwa na ji ilimina ya dawo. Da 'yar ta kira da yamma, na gyara hula, na yi gyaran murya, na ce, "To, yanzu abin da take bukata shi ne..."

Hajiya ta zare wayar daga hannuna.

"Malam, ka sare uwar a gida, ka bi 'yar har Kanada ta waya. Ta tsira daga ƙanƙara, ka bar ta ta tsira daga gare ka."