Karan Awo da Teburin Keken Fata

A gidanmu na Fakku komai da lokacinsa. A yi sallar magariba, a ci tuwo, a wanke kwanoni, sannan a zauna tatsuniya kafin kiran isha. Wanda bai wanke hannu ba, ba ya matsowa kusa da murhu. Dokar kakarmu ce, Inna Kulu, mahaifiyar babana, kuma har yau ban ga laifin dokar ba. Takan jawo kujerarta gaban sauran wutar tuwo, ta binne gyaɗa cikin toka mai zafi, mu kuma mu jeru kan tabarma, babba a dama, ƙarami a hagu. Ni ne na uku. Maigidana take kirana, tana cewa ba ta taɓa auren miji mai ɗaure fuska irina ba, ga shi ko cefane ba ya yi.

Idan ta ce, “Ga ta nan tafe,” sai mu ce ta iso lafiya, kowa ya kama bakinsa.

Wadda na fi riƙewa ita ce ta wani manomi, Na-Allah. Yana da ɗakin laka da yake ajiye irin gero, ɗakin ba ƙyaure, ga akuyar gidan ta gane hanya. Matarsa ta ce masa idan irin nan ya ƙare, bana sai dai su shuka tsakuwa. Sai ya yanko kara biyu, ya auna tsawon ƙofar da ɗaya, faɗinta da ɗaya, ya hau jaki ya nufi garin masassaƙi.

Abu uku suka faru a hanya. Na farko, jakin ya waiwayo ya gatsa kan dogon karan. Na biyu, Na-Allah ya ci tsire a kasuwa, ya ɓalli tsinke a jikin gajeren ya sakace haƙori, ya sake ɓalla don naman ya maƙale. Na uku, wata tsohuwa ta roƙe shi abin ɗibar wuta, ya karya mata rabin dogon. Da masassaƙi ya ga karan, ya tambaye shi ko ƙyauren akurkin kaji yake so. Na-Allah ya rantse da hannunsa ya auna. Aka sassaƙa masa, ya kawo gida ya kafa, ƙyaure ya tsaya masa a gwiwa. Akuya ta zo ta dube shi, ta tsallake ko ja da baya ba ta yi ba.

A nan Inna takan kumbura kumatu tana tauna irin ta akuya, mu yi ta birgima. A nan ne kuma gyaɗa take nuna, sai a koma tonon toka ana ƙona yatsu. Sauran labarin da rabin kunne muke jin sa. Matar Na-Allah ta hau jakin da kanta, ta je ta taho da masassaƙin har ƙofar ɗakin. Ya tsaya ya duba, ya ga ƙasan ƙofar ya fi samanta faɗi, ga ta kuma ta ɗan karkace.

Inna ta ce, “Yac ce mata, uwar gida, ko da karan ga sun iso mini ba a taɓa su ba, ƙyauren ba shi shiga. Maigidana, kana jina ko gyaɗa kaka ji?”

Gyaɗa nake ji. Abin da na ɗauka shi ne, idan ka yi awo ka tsare shi. Da shi na girma, da shi na koyi dukanci, har na buɗe shagona a Tambuwal. Ba na yanka fata sai na auna sau biyu na rubuta.

Shekarun baya na sayi babban keken ɗinkin fata, na hannu, ba sabo ba. Irin wanda ba shi da shimfiɗa ne, sai wani ƙarfe zagayayye da ya miƙo kamar guntuwar taɓarya, allura tana sauka a bakinsa. Wajen jaka da takalmi ba kamarsa, don zura su ake yi a jikin ƙarfen. Amma fata mai faɗi sai ta rataye ta kowane gefe, nauyinta ya ja ɗinki ya karkace. Maganin shi ne a yi masa ɗan tebur na katako mai tsaga, a zura shi a ƙarfen a ɗaure, idan an gama a cire.

Ban damu da teburin ba sai da malaminmu na allo, Malam Isiyaku na Sanyinna, ya kawo mini jar fata guda ɗaya, ta akuyar da aka yanka ranar saukar jikarsa. Gafaka yake so, wato jakar Alƙur'ani, don saka wanda mahaifinsa ya rubuta da hannu. Fata kuwa ba yadi ba ce. Inda allura ta huda ya hudu ke nan, ba a warwarewa a sake.

Na auna keken, na rubuta awo huɗu da lamba, na naɗe takardar cikin leda, na aika wa Mamman kafinta a Jabo. Tebur ya zo, tsagar ta shiga daidai. Amma da na gwada da guntun fata, sai na ji tana tuntuɓe kafin ta kai allura, ɗinki yana tsallake. Na kira Mamman na yi masa faɗa. Ya ce abin da na rubuta ya yanka, ko gashi ɗaya bai ƙara ba. Na sake aunawa, gaskiyarsa ce.

Malam kuwa jibi zai zo. Na cusa kwali a ƙarƙashin teburin, na ce zai yi. Na shimfiɗa jar fatar, na sauke allura har ta kusa taɓa ta, ƙafata tana kan matakin keken. A nan sauran tatsuniyar nan ta faɗo mini, wadda na bari don gyaɗa. Na ɗage allurar, na naɗe fatar, na hau babur zuwa Jabo na goyo Mamman.

Ya zagaya keken, ya tsuguna ya kanne ido ɗaya. Ya ce, “Sani, kai da ba ka kuskure, ba ka ga kekenka ya sunkuyar da kai ba? Tsoho ne, a bi shi yadda yake.”

Ƙarfen ya ɗan yi ƙasa ta bakin, abin da ban auna ba don ban san yana nan ba. Mamman ya yi ta kankare katakon kaɗan-kaɗan, ya zura, ya rufe ido ya ja guntun fata a kai, ya cire ya sake. Sai da fata ta wuce bai ji tudu ba sannan ya ɗaure. Washegari na ɗinke gafakar. Malam ya zo ya bi ɗinkin da babban yatsa daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya zura Alƙur'anin, ya sa mini albarka, ya rataya ya tafi.

Tsare awo gaskiya ne, ban daina ba. Sai dai takarda abin da na san in tambaya kawai take ɗauka, sauran sai mai ido ya tsaya gaban abin. Na yi shekara talatin ina aiki da rabin tatsuniya, kuma na kusa huda fatar Malam da shi.

Kwanan baya wani baduku daga Kebbe ya roƙe ni awon teburina, wai kekenmu iri ɗaya ne. Na hana. Ya ce ashe haka nake da rowa. Na ce na ji, ya je ya goyo kafinta.